Da Wane Mudu Za Mu Auna Linjila?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata magana da muke so mu yi shawara da ku a kanta. Ran wata Juma'a muna komowa daga kara a nan Wudil, sai muka iske yara biyu na ajinmu a bakin gada suna gardama har jijiyar wuya ta tashi. Ɗaya Musulmi ne, ɗaya Kirista, tun shigarsu makaranta kuwa akushi ɗaya suke ci. Na farko ya ce Linjilar da ke hannun mutane an sake ta ƙaf, ba abin da ya saura. Na biyu ya ce ko ɗigo ɗaya bai motsa ba tun ran da aka rubuta ta. Muka ce, "Wa ya gaya muku?" Kowannensu ya ce, "Haka muka ji." Tun daga ran nan suka raba akushi.

Abin mamaki, yaran nan kusa da kara suka tashi. Sun sani ba mai sayen sa da jin bakin dillali kaɗai, sai ya buɗe bakin san ya duba haƙora, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Ashe sa ya cancanci bincike, littafin da ɗimbin mutane suka jingina rayukansu a kansa bai cancanta ba? To, mu bincika. Amma fa tambaya uku ce, kada mu cuɗa su.

Ta farko: shin abin da aka rubuta da fari shi ne ya iso mana? An rubuta littattafan Sabon Alkawari da Helenanci a ƙarni na farko, aka yi ta kwafarsu da hannu, kamar yadda malamanmu ke kwafar littattafai da alƙalami da tawada. Takardun da marubutan suka taɓa da hannunsu sun ɓace, amma kwafe fiye da 5,000 na Helenanci sun saura. Akwai wani guntu da aka samo a Masar, bai kai tafin hannu ba, aka bayyana shi a 1935, masana suna kirdadon na ƙarni na biyu ne, yana ɗauke da 'yan ayoyi na Linjilar Yahaya. Akwai kuma wani babban kundi na ƙarni na huɗu da aka samo a Dutsen Sina'i, wanda Ingila ta saya fam 100,000 a 1933. Sa'an nan a 1947 makiyaya suka faɗa wa wani kogo a bakin Tekun Gishiri, aka sami littafin Annabi Ishaya da ya girmi kwafen Ibrananci da aka sani da wajen shekara dubu. Da aka gwada su sai aka ga maganar ɗaya ce, sai 'yan bambance-bambance ƙanana. Wannan ya kā da yaro na farko.

Amma shaidun nan ba su bar yaro na biyu a tsaye ba. Ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Linjilar Markus babu su a kundin Sina'i. Labarin matar da aka kama da zina, wanda ke cikin Linjilar Yahaya, shi ma babu shi a tsofaffin kwafe. Wa ya tono wannan? Galibi masanan Kirista ne da kansu, har suka rubuta shi a gindin shafi don kowa ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Haka kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Likita Mila na Zariya ya sha wahalarsa tare da abokan aikinsa, fassara ce, mai fassara kuwa ɗan Adam ne, shi ya sa aka sake yin wata daga baya.

Ta biyu: shin abin da aka ba da labari ya auku? A nan tarihi yana da abin faɗi, amma bakinsa yana da iyaka. A 1961 an tono wani dutse a Kaisariya da sunan Bilatus a jikinsa, hakimin Yahudiya. Wani marubucin Rum, Tasitus, wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta a farkon ƙarni na biyu cewa an kashe Almasihu a zamanin Bilatus ɗin nan. A gefe guda kuma akwai ƙulli. Ƙidayar mutane da Luka ya haɗa da sunan Kiriniyus, tarihi ya ajiye ta wajen shekara goma bayan mutuwar Sarki Hirudus, alhali kuwa Matiyu ya ce a zamanin Hirudus aka haifi Isa. Masana sun daɗe suna kai da kawowa a kan wannan. Sauran manyan al'amura kuwa, watau ko Isa ya tashi daga matattu yadda Kirista suka gaskata, ko kuwa ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi, yadda Musulmi suka gaskata, wannan ba abin da magirbi zai tono daga ƙasa ba ne. Wurin imani ne, kowa da abin da ya riƙa, kuma Allah ne mai hukunci.

Ta uku ita ce ta fi kusa da mu: me littafin ke nema gare mu yau? Ku tuna da misalin mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanyar Yariko. Manyan mutanensa biyu suka ratse suka wuce, sai wani Basamariye, wanda kabilarsa ba ta ga maciji da ta mai raunin, shi ya ɗaure masa ciwo, ya biya masa kuɗin masauki. Ba sai an tono dutse ba kafin a san nauyin wannan magana. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa garinmu, kullum da baƙo a kanta, wani ba ya jin harshenmu, wani ba ya sallarmu. Hakkin maƙwabci da na matafiyi kuwa, Musulunci ma ya tsananta shi ƙwarai. A nan yaran nan biyu ba su da gardama, da sun lura.

Don haka abin da muke roƙonku guda ne: ku auna da mudu ɗaya. Wanda ya sayi hatsi da babban mudu, ya sayar da ƙarami, kowa a kasuwa ya san sunansa. Haka yake ga wanda ya ƙi yarda da shaida don ta taimaki maƙwabcinsa, ya rungume ta in ta taimake shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kirista kada ya ji tsoron bincike, gama abin da yake na gaskiya ba ya gudun fitila. Musulmi kuma ya tuna malaman hadisi ba su karɓi zance ba sai sun bi salsalarsa mutum bayan mutum, kada ya faɗi a kan littafin wani abin da bai tabbatar ba.

Mun karanta wa yaran nan wannan takarda kafin mu aiko da ita. Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu, ba mu kuwa nemi haka ba. Amma kowannensu ya janye rabin maganarsa, jiya kuma mun hange su a inuwa, hannu biyu cikin akushi ɗaya. Allah ya sa mu so gaskiya fiye da son rinjaye, amin.