Mudu Ɗaya, Lokaci Daban

A kasuwar Sabon Gari, idan mai awo ya auna wa kowa da mudu ɗaya, sai mu ce ya yi adalci. Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta a ƙananan ofisoshin Fagge ma haka muke kallon albashi: a shigar da matsayi da mataki, kuɗi su fito. Babu gurbin da ke tambayar mace ce ko namiji.

Haka tsarin CONUASS yake, wanda jami'o'in tarayya ke biyan malamansu da shi. Malama da malami, in dai matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. To, shi ke nan an yi adalci?

Sana'armu ta koya mana cewa manhaja abin da aka ba ta take lissafawa, ba ruwanta da yadda aka same shi. Matsayi kuwa hawansa ake yi, da digirin digirgir, da takardun bincike, da tarukan ilimi a wasu garuruwa. Duka da lokaci ake sayensu. Malamin da ya raba dare yana rubutu, akwai wadda ta tuƙa tuwo, ta kwantar da yara, ta yi jinyar mahaifiyarsa. Abokiyar aikinsa da ta ratso cunkoson titin Gwarzo da magariba, ita ce wannan matar a nata gidan. Bayan shekara ashirin, shi farfesa, ita tana baya, kuma babu takardar albashin da ta yi ƙarya.

Tun 1977 da Bayero ta zama cikakkiyar jami'a, mace ba ta taɓa shugabantarta ba. Babu mai cewa ƙwaƙwalwa aka rasa a ƙasar Nana Asma'u. Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin tun 1985, Farfesa Fatima Batul Mukhtar kuma ta karɓi ragamar Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016.

Jami'a na da nata: ta samar da wurin raino, ta yi la'akari da shekarun goyo wajen ƙarin girma. Amma babban bashin a gidajenmu yake, a kanmu mazaje da 'yan'uwa. Idan muna alfahari da cewa matar gidanmu malamar jami'a ce, mu tambayi kanmu: yaushe rabon da mu karɓi yaron nan, mu ja mata ƙofa, mu bar ta da littafinta?