Awa 6 Tsakanin Yamai da Jidda: Tunatarwa ga Muridi Matafiyi

 

Ya ku ƴan uwa, tsakanin Yamai da Jidda akwai kimanin kilomita 4,000. Jirgin da ya tashi daga filin Diori Hamani, in bai yada zango ba, cikin awa 6 ko ƙasa da haka ya sauka. Wannan tafiya ita ce kakanninmu suke yi a ƙafa da bisa jaki, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Mutum ya tsaya ya yi noma damina ɗaya ya sami guzuri, sannan ya ci gaba. Wasu sun kai, wasu an rufe su a hanya, wasu zuriyarsu na Sudan har yau. Shehu Umaru Futi, Allah Ya ƙara masa yarda, shekaru ya ɗauka kafin ya dawo daga Hijaz, inda ya zauna gaban Sidi Muhammadul Gali.

Da, naɗe ƙasa karama ce da ake ba da labarinta ga waliyyai. Yau mai kuɗin tikiti ma ana naɗe masa. Sai dai su hanya ce take dafa su, haƙuri da yunwa su goge zuciya kafin ido ya ga Ka'aba. Mu kuwa mukan isa ɗanye, da hayaniyar kasuwar Maraɗi a kunne.

Saurin nan yana da tarko, wato lokaci. Saudiyya ta riga Nijar da awa 2, kuma jirgi gabas ya nufa, don haka yini gajarta yake yi. Wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe, in ya sauka agogon hannunsa na cewa 4, alhali a Jidda 6 ta yi, rana na shirin faɗuwa. Azahar da La'asar duk a sama suka same shi. Agogon gida ba hujja ba ne, a dubi rana ta taga, a tambayi ma'aikatan jirgi. Tazarar da take halatta ƙasaru, mil 48 a mazhabarmu, jirgi yana cinye ta cikin mintoci kaɗan. Rangwamen rage raka'a ne, bai ɗauke salla ba.

Saboda haka a shiga da alwala, a rage shaye-shaye don ta daɗe. Lazimin safe a gama shi kafin hayaniyar awon kaya. Wanda wazifa ta kama shi ba shi da alwalar ruwa, ya bar Jauharatul Kamali ya kawo Salatul Fatihi 20 a madadinta. Wanda jirginsa Jidda zai sauka kuma Makka ya nufa kai tsaye, ya zauna da muƙaddaminsa tun a gida su warware zancen harami da miƙati. Mai fara sauka Madina, nasa miƙatin Zul Hulaifa ne.

Allah Ya kai mu, Ya karɓa, albarkar Annabi.