Haƙƙin Bayan Doki a Kan Mai Sirdi

Mutum zai iya ƙaunar dokinsa har zuci, ya wadata shi da harawa da dusa da kanwa, ya yi masa wanka safe da yamma, amma ya kasance shi ne mai azabtar da shi da sirdin da bai dace da bayansa ba. Shin kyakkyawar niyya ta isa ta sauke haƙƙin dabba, ko sai an haɗa da sanin halin da take ciki? A ganina tausayin da babu bincike a cikinsa bai cika ba, balle ga halittar da ba ta da bakin kai ƙara. Don haka auna bayan doki kafin a ɗaura masa sirdi yana cikin kyautatawar da addini ya wajabta.

Dalili na farko yana jikin dokin. Allah ya yi masa haƙarƙari goma sha takwas a kowane gefe, kuma naman da ke kwance a kansu, dama da hagun ƙashin baya, shi ne ke iya ɗaukar nauyin mahayi. Ƙashin bayan kansa ba ya jure danni, haka ma kwiɓin da ke bayan haƙarƙarin ƙarshe. Shi ya sa masana ke lanƙwasa waya mai taushi a kan tudun da ke bayan kafaɗa, su zana siffarta a takarda, su kai wa masassaƙi. In an ɗora sirdin, ana so yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin gabansa da wannan tudun. Matsattsen sirdi yana matse kafaɗa ya hana doki sakin ƙafa, mai faɗi kuma yana zaune a kan ƙashi. Bayan sukuwa, idan aka kwance majayi aka ga baya ya jiƙe da gumi ban da wasu wurare busassu, to sau da yawa nan ne danni ya yi yawa. In aka ƙyale, kumburi ya biyo, sai miki, daga baya farin gashi ya tsiro a gurbin. Dokin da ke kwantar da kunne ko kai cizo da ya hango sirdi, mu kan ce mugun hali gare shi, alhali kuwa ƙorafi yake yi da harshen da yake da shi.

Nassi ma ya ɗora mana nauyin fahimtar wannan harshe. Imam Muslim ya ruwaito daga Shaddad bin Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabba. A nan ba a tsaya ga tausayin zuci ba, an gangaro har kan gyaran kayan aiki. Abu Dawud kuma ya kawo labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ganin Manzon Allah (SAW), sai Annabi ya nemi mai shi, ya tsoratar da shi Allah saboda yunwa da wahalar da yake ba shi. Idan dakushin wuƙa abin tambaya ne a yankan da bai wuce ɗan lokaci ba, ina ga sirdin da ke cin bayan doki shekara da shekaru?

Wani zai ce ai aya ta 8 a Suratun Nahli ta nuna an halicci dawaki domin hawa da ado, kuma kakanninmu sun yi hawan sallah a Kano da Katsina da Zariya ba su san awo da waya ba. Gaskiya ne an halatta hawa da ado, sai dai izinin amfani bai taɓa zama izinin cutarwa ba. Su kuwa magabata suna awo da tafin hannu da ido, kuma Shamaki da masu kula da barga sun san dokin da bayansa ya ɓaci ba ya fita hawa. Masu cewa a ƙara kaurin zubka ya wadatar, su tuna cewa matsattsen takalmi ba ya sakewa don an ƙara safa. Jalala mai sheƙi tana iya rufe miki daga idon 'yan kallo, amma dokin yana jin sa a kowane taku.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta rashi: talaka sirdi ɗaya gare shi, wani ma aro ya yi. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba a ce kowa ya sassaƙa sabo ba. Amma shafa bayan doki da hannu bayan an sauka ba ya cin ko kwabo, haka rage tsawon hawa, da hutar da dabba har miki ya warke; ana kuma iya kai sirdi wurin baduku ya gyara cikonsa. Bayan doki yana canjawa da ƙiba da rama da tsufa, saboda haka awon bara ba ya wadatar da bana. Wanda aka ba shi iko a kan abin da ba ya iya magana, dubawa ta zama wajibi a kansa, kuma "ban sani ba" ba za ta zama uzuri ba ga mai hannu da ido da ya ƙi amfani da su.