Bayani a kan asalin kalmar imani da 'yar'uwarta amana

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, kalmar imani Larabci ce, tushenta harafi uku ne: alif da mim da nun. Daga wannan tushe amana ta fito, da aminci, da amini, da mumini. Ma'anarsa ta farko ita ce kwanciyar zuciya bayan gushewar tsoro. Mutanen Makka sun kira Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, da laƙabin Al-Amin tun kafin wahayi, domin wurinsa suke ajiyar dukiyarsu.

Bahaushe yana da kalmarsa, wato yarda, amma ba ta cika mudun imani ba. Ka dubi mafitar kogin Haɗeja idan ruwa ya kawo. Wanda ya tsaya a gaɓa ya ce jirgin nan mai ƙarfi ne, ya yarda. Wanda ya shiga da 'ya'yansa da hatsinsa, ya miƙa ransa ga mai fito, shi ne ya amince. Haka mai imani yake ga Ubangijinsa.

Ita kuwa ibada, tushenta ɗaya da abdu, wato bawa, shi ya sa muke ce mata bauta. Larabawa suna kiran hanyar da sawu ya tattake har ta yi laushi da wannan tushe. Zuciya ma sai an yawaita bin ta da salla da azumi take laushi.

To, tun da imani da amana uwarsu ɗaya, ba a riƙe ɗaya a saki ɗaya. Ruwan kogin nan amana ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, rabon fadamunmu ya koma hannun masu buɗewa da rufewa, kuma za a tambaye su. Mu ma za a tambaye mu haƙƙin mutanen Nguru da Gashuwa da ke ƙasa da mu. Manomin da ya toshe burtali, da makiyayin da ya saki shanu cikin shinkafa, da mai tauye awo a kasuwa, kowannensu ya taɓa tushen sunan da yake amsawa na mumini.

Saboda haka, ka auna imaninka da wannan: shin maƙwabcinka yana barci ba ya tsoronka?

Allah ya sa mu cika da imani. Amin.