Kada ka taso takardarka tana hannun hukuma

Ɗana, mu mutanen Magariya da Dungas mun tashi ba mu ɗauki iyaka a bakin komai ba. Ranar Alhamis mutum zai koro ragunansa daga Dungas ya kai kasuwar Maigatari, ya sayar, kafin magariba yana gida. Na Magariya ya leƙa Babura ko Daura gaisuwar mutuwa, ba mai ce masa kanzil. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO ta ba mu kwana 90 ba biza, kuma ko da Nijar ta fice ranar 29 ga Janairun 2025, ƙafa ba ta daina ƙetarawa ba. Wannan sabon nake ji maka tsoro, kai da ke aiki a ƙasar da kati ne ke riƙe da zamanka.

Yaron wani maƙwabcina direban gida ne a Jidda. Iƙamarsa, wato katin zamansa, saura 'yan watanni, kafili, wato mai gidansa, ya ce masa: "Je ka, zan sabunta." Mahaifiyarsa na kwance, kullum saƙon murya na shigo masa ta WhatsApp, wannan ya yi kuka, wancan ya yi gori. Ya biya riyal 200 aka buga masa bizar fita da komawa ta wata biyu, ya sauka Kano, ya hau mota zuwa gida. Ya tarar da ita da rai, alhamdu lillahi, bayan mako uku Allah ya karɓi abinsa. Sai dattawa suka ce ai ba ya tafi ba a yi sadakar arba'in ba. Daga arba'in sai rabon gona. Ranar da ya buɗe waya ya duba, biza ta mutu, iƙama na bin bayanta. Ni na riƙe masa wayar yana kiran kafilin, tana ta ƙara ba a ɗauka. Mutumin ya sami wani direba. Akwatin yaron na can, da albashin da ya bari a riƙe masa. Yanzu kabu-kabu yake yi a tasha.

Ka lura da inda gizo ke saƙa. A Saudiyya bizar komawa ba ta wuce wa'adin iƙama, kuma in kana waje, tsawaita ta yana hannun mai gidanka. A watan Maris 2021 an sassauta, ma'aikacin kamfani na iya neman fita da kansa ta manhajar Absher. To amma sassaucin bai haɗa da direban gida da 'yar aiki da makiyayi da manomi ba, wato daidai ayyukan da namu suka fi yi.

Ƙasashen Turawa ma kowace da nata tarkon. A Faransa, in ka kai takardu sukan ba ka wata 'yar shaida da suke kira resefise. Ta mai sabuntawa, in ya haɗa ta da tsohon katinsa da fasfo, tana dawo da shi. Ta mai neman farko ba ta buɗe ƙofa, sai ya sake neman biza daga nan. A ido kusan ɗaya suke, shi ya sa ake ruɗuwa. Ingila ta fi tsanani: in ka fita zuwa gida kana jiran amsa, ana ɗauka ka janye buƙatarka. Amurka ma haka take yi wa mafi yawan masu jiran katin zama in suka fita ba su karɓi izini tukuna ba.

Saboda haka kada ka dogara da "wane ya yi, ya dawo lafiya". Takardar wane ba taka ba ce. Je ofishin da kanka, ko ka sami lauya, ka tambaya: in na fita yau, da me zan shigo? Ka ga amsar a rubuce. Ka ƙidaya kwanakin, sannan ka ƙara na gida a kai, don ka san mu, ba ma sallamar baƙo ranar da ya sa.

Iyaye kuma, da ku nake a nan. Ku bar ce wa yaro "in ba ka zo ba ban yafe ba". Shi ke aiko kuɗin hatsi lokacin bazara in rumbu ya yi ƙasa, shi ke biyan magani. Kun jawo shi gida, wa zai biya na gaba?

Ni dai na riga na gaya wa mahaifiyarka: ko na kwanta, kada a kira ka da kuka. Ka turo abin da ya sawwaƙa, ƙaninka ya kai ni asibitin Damagaram, da dare a kira ka mu ga juna a waya. Ranar da kati ya shiga aljihunka, ka sayi tikiti.