Nauyin da muka ɗora wa Tiyaa

A shekarar 2016 Rahmatou Keïta ta fitar da fim ɗinta mai suna Zin'naariyâ!, aka nuna shi a bikin fina-finai na Toronto a Kanada. Labarin wata budurwa ce, Tiyaa, ƴar gidan sarauta, wadda ta dawo Damagaram bayan karatu a Faransa, hankalinta kuwa yana can wurin saurayin da ta haɗu da shi a jami'a. Tana zaman jiran a zo neman aurenta, tana kuma sauraron matan da suka girme ta suna faɗin yadda aure da saki suka yi da su. Ana jin Zabarmanci da Hausa da Fillanci a cikinsa. Shi ne fim na farko da Nijar ta tura gasar Oscar, a 2018.

Ƙorafin da na fi ji a kansa shi ne wai Tiyaa ba ta wakilci ƴan matan Nijar ba. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna cewa kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, don me za a ɗauko ƴar gata da ta yi karatu a Turai? Ina ƴar talla? Ina wadda aka cire daga lakwal saboda biki ya matso? Ƙorafin ba na banza ba ne, balle ma wadda ta fito a matsayin Tiyaa, Magaajyia Silberfeld, ƴar Rahmatou ce ta cikinta.

Duk da haka ban yarda da shi ba. A Faransa ana yin fina-finai sama da 200 a shekara, don haka babu mai tuhumar wata yarinya a fim guda da cewa ba ta tsaya a madadin dukkan ƴan matan ƙasar ba. Mu da namu ba su taka kara sun karya ba, da zarar ɗaya ya fito sai kowa ya ruga neman fuskarsa a ciki, in bai gani ba ya ji an ci amanarsa. Laifin na ƙarancin ne, Rahmatou kuwa labarin mutum ɗaya ta yi alkawari.

Sannan ƴar talakan da ake tambaya ai duniya ta daɗe tana ganin hotonta. Tana jikin allunan ƙungiyoyin agaji da bangon rahotanninsu, da tulu a ka ko goyo a baya, ba a cika jin muryarta ba. Hoton gaskiya ne, amma an mayar da ita hujjar neman tallafi. Ita Tiyaa an bar ta ta yi kewa, ta yi shiru, ta damu da abin da wani zai ce bai kai ya kawo ba. Samun wannan dama a gaban kamara, a ganina, ya fi a jero kowace ƙabila da kayanta na gargajiya kamar ranar bikin 18 ga Disamba. Harsunan fim ɗin ma ban ji su kamar ado ba, don haka mutane ke cakuɗe a garin da gidan sarautarsa ya samo asali daga Barebari, kasuwarsa kuma cike da Fulani da Buzaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu kallo. Fim ɗin ya zaga bukukuwan ƙetare, mutanen can sun yaba tufafi da lalle da gine-ginen ƙasa. Yarinyar da ke Mirriya ko Magarya kuwa, abin da ke cikin wayar gidansu fina-finan Kano ne da na Indiya masu fassarar Hausa. In har Tiyaa ta wakilce mu, to a gaban baƙi ta fi yin hakan, kuma muhawarar ko ta yi kama da ƴan matanmu mu ƴan boko ne muke ta yinta a tsakaninmu, ba tare da an kunna wa ƴan matan fim ɗin sun faɗi nasu ba.