Kafin Ku Ɗaure Kaya Zuwa Karmo

Tsadar haya a tsakiyar Abuja tana tura iyalai da yawa zuwa Karmo. Maigida yana lissafin kuɗin ɗaki da na mota, uwargida tana hangen kasuwar Talata. Lutu ma da ido ya zaɓi kwarin Urdun (Farawa 13), mun kuwa san inda ya ƙare. Ku tuna da rusau ɗin Idu-Karmo na 2006, ku ga takardar filin kafin ku biya hayar shekara.

Amma yara ne suka fi damuna. Uban da ke fita da asuba, ya dawo sun yi barci, yaushe zai durƙusa tare da su? Ku nemi ikkilisiya tukuna, ku tafi da wasiƙar fastonku.